Me ya sa suka zana allolin Girkawa da Romawa a kan jan ƙarfe?

Baƙon Dresden ya rubuta:

Assalamu alaikum 'yan zaure. A makon jiya na shiga gidan adana zane-zanen tsofaffin gwanaye da ke Dresden a ƙasar Jamus, inda akasarin masu ziyara ke yin cincirindo a gaban babban zanen nan na Raphael, mai zane ɗan Italiya, wanda tsayinsa ya fi na mutum. Ni kuwa abin da ya riƙe ni kusan rabin sa'a wani ɗan ƙaramin zane ne na Bajamushe Adam Elsheimer, mai faɗin kimanin santimita 22 da tsayin kimanin 17, wato bai kai littafin rubutun ɗan firamare ba. An yi shi a birnin Rum wajen 1608 zuwa 1609, kuma a kan fallen jan ƙarfe aka yi shi da fentin mai, maimakon ƙyalle ko allon katako da muka saba ji.

Labarin da ke cikinsa daga hikayoyin da mawaƙin Romawa Ovid ya tattara ne. Allolin Romawa Jupiter da Mercury sun ɓad da kama sun shiga wani gari a ƙasar Firijiya, cikin Turkiyya ta yau, suna neman masauki, kowane gida ya rufe musu ƙofa, sai wasu tsofaffi matalauta, Philemon da matarsa Baucis, suka shigar da su bukkarsu suka ba su ɗan abin da suke da shi. Elsheimer bai zana ambaliyar da ta cinye garin daga baya ba, bai kuma zana lokacin da bukkar ta koma ɗakin bauta ba. Ya tsaya ne a kan sa'ar da baƙin suka zauna suna hutawa, fitilar aci-bal-bal tana ci, tsohuwar tana tsaye tana yi musu hidima, tsohon yana shigowa daga can ciki da nasa ɗan hasken, dinyar da za su so yankawa kuma tana tsakar ɗakin. Kusan rabin zanen duhu ne, amma duhun da idan ka matso ka daɗe kana kallo za ka fara ganin kwanuka da katakon rufi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda ido ke sabawa idan mutum ya shigo ɗakin ƙasa daga cikin rana.

Ra'ayina shi ne wannan duhun mai zurfi jan ƙarfen ne ya ba da shi, kuma da a kan ƙyalle aka yi aikin da ya mutu. Ina so masana a cikinmu su faɗa mini ko na yi daidai, su kuma bayyana dalilin da ya sa masu zane na wancan zamani suka fi kai irin waɗannan hikayoyi kan wannan ƙarfe.

Maƙerin Fari ya rubuta:

Wa alaikumus salam. Kafin masana su zo, bari in gyara kalma ɗaya, domin na ga wasu a ƙasan hoton da ka saka suna cewa tagulla. A wurinmu masu ƙirar fari, idan aka ce jan ƙarfe ana nufin tsantsarsa, wanda ake samu a cikin wayar lantarki, mai laushi da ake iya bugawa da guduma ya baje ba tare da ya tsage ba. Abin da aka gauraya da wani ƙarfe har ya yi tauri ko launinsa ya koma ruwan ɗorawa, wannan wani abu ne daban, ko da yake a bakin mutane sunayen sukan shiga juna. Tunda falle ne da aka buga ya baje, to jan ƙarfe ne, kuma ka kira shi daidai.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda fenti ya kama shi har tsawon shekara 400. Duk wanda ya taɓa aiki da jan ƙarfe ya san cewa idan ka goge shi ya yi ƙyalli, ko ɗigon ruwa ba ya zama a kansa, kuma idan ka bar shi da maiƙo kwana kaɗan za ka tarar ya fara yin kore. Fentinsu kuwa da mai ake dama shi. Ta yaya abin da ya kamata ya ɓata shi ya zama shi ne ya riƙe shi?

Malamar Zane ta rubuta:

Malam Maƙeri, tambayarka ita ce ainihin maganar, kuma amsarta tana cikin abin da ka riga ka lura da shi. Ba a kan ƙarfe mai ƙyalli suke zane kai tsaye ba. Da farko ana buga fallen har kaurinsa ya koma kimanin milimita 1, a daidaita shi, sannan a goge fuskarsa da abu mai kaushi domin ta yi ƙananan ƙarzane-ƙarzane da fenti zai maƙale a ciki. Tsofaffin littattafan koyar da zane sun ambaci shafa masa tafarnuwa, wadda ruwanta ke da danƙo, yana kuma sa man ya kwanta a maimakon ya dunƙule. Bayan haka ake shimfiɗa wani siririn fenti, galibi farin da ake yi da darma, kuma sau da yawa da tafin hannu ake daddanna shi, shi ya sa masu gyaran tsofaffin zane sukan tarar da shaidar yatsu da ta tafi a ƙarƙashin hoton idan sun duba da na'ura.

Koren da ka ambata kuwa yana nan. Idan aka yanki ɗan ƙwayar fentin aka duba da madubin ƙara girma, akan ga wani siririn layi kore tsakanin ƙarfen da fentin, wanda ya samu daga haɗuwar jan ƙarfe da man. Muddin bai yi yawa ba, ana ganin yana cikin abin da ke haɗa su.

Game da maganar ɗan'uwanmu na Dresden, na yarda da rabinta. Ƙyalle yana da saƙa, saƙar kuma tana warwatsa haske, sannan shimfiɗar da ake yi wa ƙyalle da katako tana iya shan man fenti har launi ya dusashe. Jan ƙarfe ba ya shan komai, saboda haka launin yana zama a sama da cikakken ƙarfinsa, kuma burushi mai 'yan gashi kaɗan zai iya ja layin da bai fi silin gashi ba, babu wani tudu da zai karkatar da shi. Wannan gaskiya ne. Amma cewa ƙarfen ne ya ba da duhun, a nan na rabu da kai, domin mutane da yawa sun yi zane a kan jan ƙarfe a wancan zamani, babu wanda ya fitar da dare irin na Elsheimer. A 1609 ya zana hijirar Annabi Isa da mahaifiyarsa zuwa Masar, wanda yake Munich yanzu, da wata cikakke yana faɗawa cikin ruwa da taurari birjik a sama. Wannan idonsa ne da haƙurinsa, ƙarfen dai ya ba shi fili.

Dattijon Zaure ya rubuta:

Ina biye da ku, kuma ina da magana wadda nake fata ba za a ɗauke ta da zafi ba. Waɗannan da kuke kira Jupiter da Mercury abubuwan bauta ne na mutanen da suka shuɗe, kuma da na bincika sauran zane-zanen wannan nau'i na tarar mafi yawansu tsiraici ne zalla. Wanda aka fara kawowa yana da kamun kai, labarinsa ma ya yi kama da abin da muke cewa baƙonka annabinka. Amma kada mu ɗauki guda ɗaya mai kyau mu lulluɓe sauran da shi. Ni abin da nake zargi shi ne an zaɓi ƙaramin falle ne domin abin da ake zanawa na ɓoyo ne, wanda mai shi ba zai iya rataye shi inda iyalinsa da baƙinsa za su gani ba. Idan haka ne, to a faɗa a fili, a daina jingina abin ga haske da launi kawai.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Allah ya ƙara girma, Baba, zarginka yana da tushe, kuma masana tarihin zane ba su ɓoye shi ba. Misalin da ya fi fitowa fili shi ne Joachim Wtewael, mutumin Utrecht a ƙasar Holan, wanda ya rayu daga 1566 zuwa 1638. Ya zana labarin allolin Romawa Mars da Venus fiye da sau ɗaya a kan jan ƙarfe. Akwai na 1601 a gidan tarihi na Mauritshuis da ke birnin Hague, akwai kuma wani a gidan Getty da ke Los Angeles a Amurka, kowannensu tsayinsa kimanin santimita 20 ne. Labarin na maƙeri ne, Vulcan, wanda rana ta tsegunta masa cewa matarsa Venus tana cin amanarsa da Mars, sai ya ƙera raga siririya da ido ba ya gani, ya ɗana a kan gado, ta kama su, ya kira sauran alloli su zo su shaida. Wtewael ya cusa duk wannan a fili da bai fi tafin hannu biyu ba, har da maƙerar Vulcan can a baya, kuma babu shakka irin wannan zane a aljihun teburi ko bayan labule ake ajiye shi, a fito da shi ga aminai kawai.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata a sa a ma'auni. Na farko, waɗanda suka yi zanen da waɗanda suka saya ba masu bautar Jupiter ba ne. Kiristoci ne, wannan bauta ta mutu fiye da shekara dubu kafin a haife su, kuma sun ɗauki hikayoyin ne a matsayin adabin da duk mai ilimi ke karantawa a makarantar Latin. Shi Wtewael ɗin riƙaƙƙen mabiyin ɗariƙar Kirista ta Calvin ne, attajirin fatauci, wanda har ya zauna a majalisar birninsa. A 1604 Karel van Mander ya fitar da littafinsa na masu zane, ya haɗa da dogon sharhi a kan hikayoyin Ovid inda yake fitar da darasin ɗabi'a daga kowane labari. Da wannan idon, zanen Mars da Venus gargaɗi ne cewa asirin mazinaci zai tonu. Ko masu sayen sun saya domin gargaɗin ko domin kallon, wannan kowa ya yi wa kansa hukunci, ni dai ina ganin duka biyun suna ciki, kuma na biyun ya fi nauyi a wurin da yawa daga cikinsu.

Na biyu, ba tsiraici kaɗai aka kai kan jan ƙarfe ba. Zane-zanen addini da aka yi a kansa suna da yawa ƙwarai, haka furanni da dazuzzuka da kasuwanni. Saboda haka ɓoyo ba zai zama dalili guda tilo ba.

Baƙon Dresden ya rubuta:

Na gode, Malam, kuma na karɓi gyaran Malama cewa na ba ƙarfen abin da yake na mai zanen ne. Amma ga Baba ina da ɗan ƙorafi cikin ladabi. Ƙanƙanta ba kullum take nufin ɓoyo ba, wani lokaci kusanci take nufi. Babban zane yana sa ka ja da baya ka ɗaga kai, kana ɗaya daga cikin taro. Wannan kuwa an yi shi ne domin mutum ɗaya ya ɗauka a hannu, ya kai shi bakin taga, ya karkata shi har haske ya faɗa inda yake so. Na lura a Dresden cewa mutum biyu ba sa iya kallonsa tare yadda ya kamata, sai ɗaya ya matsa wa ɗaya. Labarin tsofaffi biyu a ƙaramar bukka da fitila ɗaya ya dace da wannan girman fiye da kowane girma, kuma babu abin kunya a cikinsa da za a ɓoye.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne mutumin da ya zana talaucin nan ya san shi. An haifi Elsheimer a Frankfurt a 1578, ya rasu a Rum a watan Disamba na 1610 yana da shekara 32, bashi ya yi masa katutu, domin yana daɗewa ƙwarai a kan kowane ɗan falle kuma abin da ya gama bai da yawa. Shahararren mai zane Rubens, wanda ya san shi a Rum, ya rubuta wasiƙar alhini da ya ji rasuwarsa, ya yabe shi matuƙa, ya kuma zarge shi da kasala. Ni da na ga aikin da ke cikin santimita 22 ɗin nan, na kasa kiran abin kasala.

Malamar Zane ta rubuta:

Akwai dalilin da ba a taɓo sosai ba, wato ƙarko. Allon katako yana kumbura da damina ya tsuke da rani, har ya tsage ko ya bankare, ƙwari kuma suna huda shi. Ƙyalle yana saki, yana yagewa, yana ruɓewa. Jan ƙarfe ba ya kumbura ko tsukewa saboda laima, ƙwaro ba ya cinsa, shi ya sa za ka ga zanen 1600 a kansa launinsa yana sheƙi kamar bara aka gama shi, alhali takwaransa na ƙyalle ya cika da tsattsagewa. Masu saye sun san da haka, kuma suna kallon abin kamar kayan ado mai daraja, kusa da zinariya da duwatsu. Rembrandt ma, shahararren mai zanen Holan, wajen 1630, ya yi wasu ƙananan zane a kan jan ƙarfen da aka lulluɓe da ganyen zinariya.

Amma yana da nasa rauni, kuma na gan shi da idona. Lokacin da nake koyo na sayi ɗan falle na shirya shi yadda aka bayyana, har da tafarnuwar, na shafe kusan wata biyu ina kwaikwayon wani ɓangare na zanen Jan Brueghel Babba na Orpheus, mawaƙin hikayoyin Girkawa, a lahira, wanda ya yi a 1594 kuma yake Florence, inda mawaƙin ke kaɗa molonsa a tsakiyar wuta da dodanni domin a mayar masa da matarsa. Ranar da zan kai shi a duba, ya zame daga cikin jaka ya faɗi ta kusurwa a kan siminti. Kusurwar ta lanƙwashe kaɗan, abin da bai fi faɗin farce ba, amma fentin wurin ya ɓare ya tashi kamar ɓawon ƙwai, jan ƙarfen ya bayyana a ƙasa. Ƙarfen yana lanƙwasa, busasshen fenti ba ya lanƙwasa. Idan kuka duba irin waɗannan zane a gidajen tarihi za ku ga yawancin lahaninsu a gefe da kusurwa yake, kuma mai gyara ba ya iya buga wurin ya miƙe ba tare da ya ƙara zubar da fentin ba.

Maƙerin Fari ya rubuta:

Malama, wannan ya yi daidai da abin da na sani. Jan ƙarfen da aka buga da guduma yana yin tauri, idan ana so ya sake laushi sai an mayar da shi wuta, wuta kuwa ba ta haɗuwa da fenti. Wato duk lanƙwasar da ta same shi bayan an yi zanen ta zauna ke nan. Ina so in san su wa ke buga musu fallayen, domin fitar da falle mai santsi daidai wa daida da guduma ba ƙaramin aiki ba ne, kuma ban yi tsammanin mai zane zai iya da kansa ba.

Malamin Tarihi ya rubuta:

Ba su suke yi ba, 'yan'uwanka maƙera ne, kuma an san sunan wasunsu. A bayan fallaye da yawa na birnin Antwerp, a Beljiyam ta yau, akwai hatimin wani maƙeri mai suna Peeter Stas, wani lokaci tare da alamar hannu wadda ita ce tambarin birnin, wani lokaci har da shekara, abin da ke taimaka wa masana wajen gane lokacin da aka yi zane. Wannan ya kai mu ga dalilin da nake ganin ya fi kowanne ƙarfi, wato samuwar kayan. A ƙarni na 16 gidan 'yan kasuwar Fugger na Augsburg ya riƙe ma'adinan jan ƙarfe na Tirol da na Neusohl, garin da ake kira Banská Bystrica a Sulobakiya ta yau, kuma Antwerp ce babbar kasuwarsa. Daga wannan kasuwa ne Turawan Fotugal suka riƙa sayen mundayen ƙarfe da suke kaiwa gaɓar tekun Afirka ta Yamma. A daidai lokacin kuma sana'ar sassaƙa hoto a kan jan ƙarfe domin bugawa a takarda ta bunƙasa a birnin, saboda haka fallaye masu santsi suna nan a shago, mai zane zai aika yaro ya sayo. Har akwai waɗanda suka yi zane a bayan tsohon fallen ɗab'i. Wani fallen Rembrandt na 1656 da ke Washington yana da zanen ƙauye a bayansa.

Ga kuma masu kuɗin da ke son abin. Sarki Rudolf na Biyu na Daular Rum Mai Tsarki, wanda ya mayar da fadarsa Prague a 1583, ya tara ɗakunan abubuwan ban mamaki, kuma mai zanen fadarsa Bartholomeus Spranger ya yi ƙananan zane biyu a kan jan ƙarfe da suke Vienna yanzu, ɗaya na Hercules da sarauniya Omphale, inda jarumin ke zaune yana kaɗi cikin kayan mata ita kuma ta ɗauki kulkinsa, ɗaya na Vulcan da Maia. A Milan akwai Kadinal Federico Borromeo, babban limamin Katolika, da ya riƙe Jan Brueghel shekaru masu yawa.

Ƙanƙantar fallen ta kuma sa ana iya aika shi daga gari zuwa gari ba tare da ya lalace ba, har mutum biyu su yi aiki a kan guda. Hans Rottenhammer, Bajamushen da ya zauna a Venice, yakan zana mutanen, Paul Bril ko Brueghel su cika itatuwa da sararin sama. A Antwerp Brueghel ya yi irin wannan haɗin gwiwa da Hendrick van Balen a kan bukukuwan alloli. Daga baya dillalan birnin suka riƙa tura irin waɗannan fallaye da yawa zuwa Sifen, daga can su haye teku zuwa Meziko. Bayan tsakiyar ƙarni na 17 yayin ya fara ja da baya a Turai, lokacin da aka koma son manyan zane da bugun burushi mai kauri da ake gani daga nesa.

Dattijon Zaure ya rubuta:

Na ji bayananku, kuma na janye cewa ɓoyo ne kaɗai dalili, tunda ga samuwar ƙarfen ga ƙarkonsa. Ban janye ƙyamata ga zane irin na Wtewael ba, kuma ina roƙon masu kula da zaure kada a saka hotonsa a nan, bayanin da Malam ya yi ya wadatar. Na Elsheimer kuwa na sake buɗe shi na ƙara girmansa a waya, na daɗe ina kallon tsohuwar nan. Ina so a ƙarasa mini labarin, domin an tsaya a kan dinya ba a faɗi abin da ya same ta ba, ba a kuma faɗi ƙarshen tsofaffin ba.

Baƙon Dresden ya rubuta:

To, Baba. Suna cikin cin abinci sai tsofaffin suka lura cewa kaskon ruwan inabin ba ya raguwa, duk abin da aka ɗiba sai ya sake cika, nan suka gane baƙinsu ba mutane ba ne. Tsoro ya kama su saboda ƙarancin abin da suka gabatar, suka tashi su yanka dinyar, wadda ita kaɗai ce dabbarsu kuma ita ke yi musu gadin gida, amma tsufa ya hana su kama ta, ta gudu ta fake a wurin baƙin, su kuma suka ce a bar ta. Aka hau da su kan dutse, suka waiwaya suka ga ruwa ya shanye garin, bukkarsu kaɗai ta tsira. Da aka ce su roƙi abin da suke so, suka roƙi su zama masu hidimar wurin, kuma kada ɗayansu ya ga kabarin ɗaya. Da ajalinsu ya zo suna tsaye tare, sai suka rikiɗe suka zama itatuwa biyu a gefen juna.

Hendrick Goudt, wanda ya zauna tare da Elsheimer a Rum, ya sassaƙa wannan zane a kan wani fallen jan ƙarfen ya buga shi a takarda a 1612, ta haka ya isa Holan, kuma a 1658 Rembrandt ya zana labarin nan da irin wannan fitila da irin wannan duhu, nasa a kan katako. Yana Washington. Malama, idan kina da hoton na Rembrandt mai kyau ki saka mana shi kusa da na Dresden, mu duba da idonmu abin da katakon ya yi da duhun da kuma abin da ƙarfen ya yi.